Ɗan Tela Daga Sharar Mansur: Yadda Na Shiga Sana'ar Rubuta Manhajar Gem

A Makka aka haife ni a shekarar 1995, a nan kuma aka haifi mahaifina. Kakanmu ne ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa da niyyar aikin Hajji. Ya ratsa Barno da Cadi, ya yada zango a Sudan yana ɗibar auduga a gonakin Jazira har ya tara kuɗin jirgin ruwa, sannan ya ƙetaro Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Da ya sauke farali sai ya zauna, Allah bai nufa zai koma ba. Mu jikokinsa a Sharar Mansur muka tashi, Hausa a cikin gida, Larabci a makaranta da bakin titi. Yau ina Riyad, ina rubuta manhajar wasannin bidiyo, abin da yara ke ce wa gem. Da wannan sana'a na yi aure, da ita nake ɗauke wa iyayena kuɗin haya, alhamdu lillahi.

Abin da ya sa na zauna rubuta labarina shi ne saƙonnin da ƙannenmu ke turo mini, daga Makka da Jidda har Kano da Damagaram. Tambayar kusan ɗaya ce: "Yaya, ina son in riƙa haɗa gem, ta ina zan fara?" In na ce wane ɓangare kake so, sai a yi shiru, domin yawancinsu sun ɗauka mutum ɗaya ne ke zama ya ƙago labari, ya zana jarumi, ya danna wani abu, gem ya fito. Sana'ar nan ƙofofinta da yawa. Wadda na shiga ta cikinta ƙarama ce, ba a cunkoso a bakinta, kuma abin da ya buɗe mini ita tun ina makarantar allo yake hannuna.

A bayan layinmu akwai wani shago mai 'yan talabijin da PlayStation 2, inda ake biyan riyal kaɗan a buga ƙwallon Winning Eleven. Tun ina firamare nake leƙawa, da na tasa sai mai shagon ya ɗauke ni ina tsare masa bayan la'asar. Ni ke karɓar kuɗi, ni ke goge faifai, ni ke kwance hannun gem in maɓallinsa ya maƙale. Mai tsaron shago ya fi kowa kallon wasa, yawan kallo kuma yana kawo tambaya. Na lura 'yan wasan da kwamfuta ke juyawa suna da halayen da ba sa saki: ga inda mai tsaron gida ke fitowa, ga lokacin da 'yan baya ke matsowa tare. Sai na gane wani mutum ne a wata ƙasa ya zauna ya rubuta musu dokokin da suke bi. Daga nan hankalina ya bar cin ƙwallo ya koma kan wannan mutumin da irin aikinsa.

A 2011 yayana, wanda ke gyaran waya, ya ba ni wata tsohuwar laftof da ya haɗa daga gawar wasu biyu. Katangar farko da na ci karo da ita Turanci ce. Da Larabci muka yi karatu, amma bayanan injinan gem, wato manyan manhajojin da ake gina gem a kansu, da amsoshin matsaloli kusan duk da Turanci suke. Da ƙamus a gefe na riƙa karanta saƙon da kwamfuta ke fitarwa in ta ƙi karɓar abin da na rubuta, kalma bayan kalma. Ba a buƙatar Turancin hira ko na wa'azi, ana buƙatar na karanta umarni da rubuta tambaya a fili. Wanda ya ce maka za ka yi nisa a wannan aiki ba tare da shi ba, bai faɗa maka gaskiya ba. Daga baya na bi darasin CS50 na Jami'ar Harvard, wanda suke bayarwa kyauta a intanet. Da harshen rubuta manhaja mai suna C suke koyar da tushe, kuma a nan na fahimci yadda kwamfuta ke ajiye abu a ƙwaƙwalwarta da yadda take ɗauko shi. Bayan haka na koma harshen C# da injin Unity, wanda ya fito tun 2005 kuma mai koyo ba ya biyan ko sisi.

Lissafin da ake gudu a makaranta a nan ya tare ni. In kana son abokin gaba ya san ko yana ganinka ko kana bayansa, lissafin kusurwa ne. In kana son ƙwallo ta tashi ta sauko yadda ido zai yarda, lissafin gudu da nauyi ne. Ba sai ka zama farfesa ba, amma lissafin sakandare, musamman na kusurwoyi da na alƙibla, dole ya zauna maka daram.

Gem ɗina na farko da ya kammalu dara ce. Kawuna, ƙanin Inna, gwanin dara ne, a Nijar ya yi ƙuruciyarsa kafin ya dawo Makka. Yadda ya koya mini, gidaje talatin ne, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu. A kasa su ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda ka jera uku lokacin kasawa ba. In an gama sai a fara turawa gida ɗaya gaba ko baya ko gefe, wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin wasansa guda. Zana gidajen da tura 'ya'yan bai ba ni wuya ba. Wuyar tana wajen koya wa kwamfuta ta yi wasa da mutum.

Dabarar da aka saba ita ce kwamfuta ta hango gaba: in na tura nan, shi zai tura can, ni kuma in tura nan, har zuwa wani nisa, sannan ta zaɓi hanyar da ko abokin wasa ya yi iyakar ƙoƙarinsa ita ce da riba. Irin wannan hange, da injina masu ƙarfi, shi ya sa kwamfutar Deep Blue ta doke zakaran dara ta Turawa Garry Kasparov a 1997. Amma lissafin yana kumbura da sauri. In kowane juyi akwai zaɓi goma, hangen juyi shida ya kai yanayi 1,000,000. Sai ka koyi yanke rassan da ka tabbatar ba za su kai ko'ina ba, don kada waya ta tsaya tana tunani mutum yana jira.

Na kai wa Kawu wasan bayan sallar isha'i. Ya buga, ya cinye ta. Ya sake, ya sake cinye ta. Sai ya ajiye wayar ya ce, "Ɗana, wannan abin naka ƙidaya ya iya, bai iya dara ba. 'Ya'ya kawai yake ƙirgawa, ba ya kallon zama."

Na ce, "Kawu, ku nuna mini zaman."

Ya zana gidaje a bayan kwali, ya nuna mini yadda gwani ke shirya 'ya'yansa tun wajen kasawa ta yadda ɗa guda zai riƙa kai da komo tsakanin gida biyu, duk turawa ci. Wanda ya bari aka kafa masa wannan, wasa ya ƙare ko da 'ya'yansa sun fi yawa. Aikina ya zama in mayar da abin da Kawu ya sani a ido zuwa lambobi: zama kaza maki kaza, toshe wa abokin wasa hanya maki kaza. Mun daɗe muna haka, shi yana bugawa yana gyara mini, ni ina komawa ina sake rubutu, har ranar da ya yi shiru ya daɗe yana duban wayar kafin ya tura. Abin da na ɗauka daga zaman nan har yau da shi nake aiki. Mai rubuta manhajar gem rabin aikinsa saurare ne, ya ji abin da mai tsara wasa ko mai zane ko ɗan wasa ke nufi, ko da bai iya faɗarsa da harshen kwamfuta ba, ya mayar da shi doka.

Baba tela ne, yana ɗinka jallabiya da kaftani, lokacin Hajji kuwa ba ya barci saboda aikin alhazan Najeriya da Nijar. Bai taɓa hana ni ba, amma wata rana ya kira ni shago ya ce, "Kai, zauna. Wannan abin da ka duƙufa a kai, sana'a ce ko wasa? Mutum zai riƙe iyali da shi?" Na ce, "Baba, masu bugawa wasa suke yi, masu haɗawa aiki suke yi, ana biyansu albashi." Ya ce, "To akwai haram a ciki?" Na ce akwai inda take, akwai inda babu. Ya ce, "Inda take kada in gan ka. Kuma duk abin da ka fara ka gama shi, tela mai tara yadin mutane ba ya gamawa ba tela ba ne. Allah ya yi albarka." Iyakar maganar ke nan, kuma sharuɗɗan nan biyu su na riƙe.

Bayan na yi difloma a fannin kwamfuta, wani ƙaramin kamfani a Jidda mai haɗa gem na waya ya ɗauke ni a 2017. Ba a matsayin mai rubuta manhaja ba, mai gwaji. Mutane na jin an ce aikinka buga gem sai su ce ka huta. Mai gwaji yana iya wuni yana tura jarumi jikin bango ɗaya ta kowace kusurwa don ya ga ko zai ratsa. Yana kashe intanet ana tsakiyar sayen abu, yana kiran wayar ana tsakiyar wasa, yana cika ma'ajiyarta ya ga me zai faru. In ya sami tangarɗa sai ya rubuta rahoton da wani zai bi ya sake ganinta: wace waya, wane mataki, me aka danna, me ya kamata ya faru, me ya faru. Rahoton da ya ce "gem ya lalace" kawai ba shi da amfani ga kowa. Ina ganin girman wannan aiki ƙwarai, kuma ina jin zafin yadda ake raina masu yinsa, ga shi albashinsu ya fi na kowa ƙanƙanta. A kujerar gwaji na san yadda gem ke karyewa, wanda ya san haka kuwa rubutunsa yana fita daban.

A nan ƙofata ta buɗe. Kamfanin ya so ya fitar da wasansa da Larabci, amma injin da muke aiki da shi a lokacin bai san Larabci ba. In ka zuba masa jimla sai haruffa su fito a warwatse, kowane tsaye shi kaɗai, kuma daga hagu zuwa dama. Manyan masu rubuta manhajarmu biyu baƙi ne da ba sa karanta Larabci, sauran kuma kowa na gudun aikin domin ba a yabon mutum a kansa. Na ce a ba ni in gwada bayan tashi.

Duk wanda ya riƙe allo da tawada ya san abin da kwamfutar ta jahilta. Haruffan Larabci 28 ne, kuma yawancinsu suna da sura har huɗu: a farkon kalma, a tsakiya, a ƙarshe, da in harafi yana shi kaɗai. Guda shida, alif da dal da zal da ra da zai da wau, ba sa kama na gabansu. Lam in ta haɗu da alif sai su narke su zama sura ɗaya. Wasali yana hawa kan harafi ko ƙarƙashinsa ba tare da ya ci wuri ba. Malaminmu na allo bai taɓa kiran waɗannan dokoki ba, hannu ne kawai ya saba, amma da na zauna rubuta su sai na ga dokoki ne tsaf da kwamfuta za ta iya bi. Sai kuma inda abin ya fi rikici: rubutu na tafiya daga dama, lambobi kuwa daga hagu, sunan ɗan wasa yana iya zama da haruffan boko a tsakiyar jimlar Larabci. In ka juya jimla gaba ɗaya kafin ka raba ta layi-layi, sai ta fito ana karanta ta daga ƙasa zuwa sama. Dole a fara raba layi, sannan a juya kowane layi shi kaɗai. Ƙungiyar Unicode tana da cikakkiyar ƙa'ida kan rubutu mai alƙibla biyu, kuma akwai manhajar HarfBuzz ta Behdad Esfahbod da ke haɗa haruffa, wadda manyan manhajojin duniya ke dogara da ita. Na karanta su har na gane abin da zan ara da abin da zan rubuta da kaina.

Bayan haruffa sai fuskar wasan kanta. Maɓallin komawa baya ya koma ɗaya gefen, sandar da ke nuna ci gaba ta riƙa cika daga dama, amma agogo ba a juya shi. Ga kuma jam'i. Turanci ɗaya da da yawa kawai ya sani. Larabci yana da siga ta babu, ta ɗaya, ta biyu, ta uku zuwa goma, ta sha ɗaya zuwa casa'in da tara, da ta ɗari. Gem ɗin da ya ce wa Balarabe ya sami zinari biyu da sigar goma, nan take zai san ba a damu da shi ba. Da aikin ya fito, aka ɗauke ni daga gwaji aka mayar da ni mai rubuta manhajar fuskar wasa. A 2022 wannan ƙwarewar ce ta kai ni Riyad.

In ina bayyana wa Baba yadda kamfanin gem yake, da shagonsa nake misali: akwai mai yanka, akwai mai ɗinki, akwai mai aikin wuya, akwai mai sa maɓalli da guga, riga ɗaya ce amma hannu da yawa. A cikin masu rubuta manhaja kaɗai, ban da masu zane da masu sauti da masu tsara dokokin wasa, rabon aikin yana da yawa, kuma abu ɗaya ne ke ɗaure mu duka, lokaci. Gem mai santsi yana zana hoto 60 a daƙiƙa guda. Ke nan kowane hoto yana da kusan milisakan 16.7, milisakan dubu kuwa su ne daƙiƙa ɗaya. A cikin wannan ɗan taƙin za a karanta abin da ɗan wasa ya danna, a motsa kowa, a duba wa ya bugi wa, abokan gaba su yi tunani, a fitar da sauti, a zana komai. In ɗayanmu ya ci lokacin da ba nasa ba, wasa ya riƙa sarƙewa a hannun yaro.

Mai rubuta motsin wasa shi ne ya fi kusa da ɗan wasa. Tsalle, gudu, harbi, bugun ƙwallo, duk nasa ne, kuma shi ke zama da mai tsara wasa ana ƙara tsalle kaɗan ana ragewa har ya yi daɗi a hannu. Darasinsa na farko shi ne ya ɗaura motsi a kan lokacin da ya wuce, kada ya ɗaura shi a kan yawan hotuna, in ba haka ba jarumi zai fi gudu a waya mai tsada. Wannan kujera kowa ita yake so, don haka nan ne gasa ta fi zafi. Mai koya wa abokan gaba dabara aikinsa irin wanda na yi da Kawu ne, sai dai ya fi faɗi. Har yau hanyar da yawancin gem ke bi su nemo wa soja hanya a cikin taswira ita ce A*, wadda masu bincike uku suka wallafa a Amurka a 1968.

Masu aikin inji da masu aikin zana hoto su ne 'yan C++, harshen da injin Unreal na kamfanin Epic Games ke amfani da shi. Su ke rigima da ƙwaƙwalwar na'ura da haske da inuwa. Sun fi kowa ƙaranci, shi ya sa ake riƙe su da kyau, amma hanyarsu doguwa ce, tana son lissafi mai zurfi. Ko mu masu C# muna da namu kokawar. In kana ƙirƙirar harsashi sabo duk harbi kana yar da shi, lokacin da na'ura za ta tsaya share tarkacen sai wasa ya yi tsai. Maganinsa ka ƙirƙiri harsasai tun farko ka riƙa juya su. Kuma a ƙasa irin tamu waya na ɗaukar zafi, in ta yi zafi sai ta rage gudunta da kanta. Gem ɗin da ya yi kyau a ofis mai sanyi sai an gwada shi a waya mai araha a zafin Makka kafin in yarda da shi.

Mai aikin sadarwa, wanda ke haɗa 'yan wasa ta intanet, shi nake ji wa tausayi kuma shi nake girmamawa. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Tsakanin Jidda da Frankfurt ya haura kilomita 4,000, zuwa da dawowa ke nan milisakan 40 ko da hanyar miƙaƙƙiya ce, alhali ba miƙaƙƙiya ba ce. Shekaru da yawa 'yan wasan yankin nan a sabobin Turai, wato manyan kwamfutocin da ke haɗa masu wasa ta intanet, suke buga wasa, sai a 2019 Amazon ta buɗe cibiyar sabobinta a Bahrain, wasu suka biyo baya. Tunda ba mai iya ƙara wa haske gudu, sai a yi dabara: wayarka ta nuna maka ka motsa nan take, saba kuma ta zama alƙali, in lissafinsu ya saɓa a gyara maka a hankali yadda ba za ka ji ba. Kuma ba a taɓa yarda da abin da wayar ɗan wasa ta faɗa ba tare da bincike ba, saboda masu maguɗi.

Ni yanzu rabin aikina ƙera kayan aiki ne. Ina rubuta ƙananan manhajoji da ɗan wasa ba zai taɓa gani ba: wadda mai fassara zai ga jimlarsa a cikin wasa nan take, wadda za ta yi kuka in rubutu ya fi ƙarfin maɓalli, wadda ke haɗa sabon kwafin wasa kowane dare ta raba wa masu gwaji. Yaro ba ya mafarkin wannan kujera, amma in mai ita ya yi rashin lafiya kowa sai ya sani.

Kuɗi ya shigo harkar nan a Saudiyya, wannan gaskiya ne. A Satumban 2022 Yarima mai jiran gado Muhammad bin Salman ya ƙaddamar da tsarin ƙasa na wasannin bidiyo da burin samar da ayyuka 39,000 zuwa 2030, kuma kamfanin Savvy Games Group na asusun zuba jarin gwamnati ya sanar da shirin riyal biliyan 142. A 2023 Savvy ya sayi kamfanin Scopely na Amurka kan dala biliyan 4.9. A 2024 aka yi gasar cin kofin duniya ta wasannin bidiyo a Riyad da kyautar da ta haura dala miliyan 60. Ina murna da wannan, da shi muke ci. Amma ina gaya wa ƙannena abu biyu. Sayen kamfani a waje da shirya gasa daban, tara mutanen da suka iya haɗa gem a cikin gida daban, na biyun shekaru yake ci. Kuma sana'ar ba ta da tabbas a ko'ina. A Janairun 2024 kaɗai Microsoft ta sallami ma'aikata 1,900 daga sashen wasanninta, Unity ta sallami kusan 1,800. Shi ya sa nake son yaro ya koyi rubuta manhaja da tushe, yadda in ƙofar gem ta rufe zai iya aiki a banki ko kamfanin sadarwa.

Akwai kuma maganar takarda, wadda mu Hausawan nan muka sani. Wasunmu 'yan ƙasa ne, irin su Usama Hausawi da ya jagoranci 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar duniya ta 2018. Wasunmu kuma, irina, a nan aka haife mu amma da igama, wato takardar izinin zama, muke zaune. Da yawa daga shirye-shiryen horo na kyauta na 'yan ƙasa ne, kuma kamfani yana da adadin 'yan ƙasa da doka ta ce ya ɗauka. Wanda ke da damar shiga irin su Akadamiyar Tuwaiq ya shiga, kada ya yi wasa da ita. Wanda ba shi da ita, aikinsa ne zai yi masa magana, don haka sai ya iya abin da ba kowa ya iya ba.

Sharaɗin Baba na farko ya zo mini a zahiri. A wani wurin da na nemi aiki an so in gina akwatin sa'a, wato yaro ya biya kuɗi na gaske a buɗe masa akwati bai san abin da zai fito ba, ko abu mai daraja ko tarkace. Hukumar kula da caca ta Beljiyam tun 2018 ta ce irin wannan caca ce. Ni ba malami ba ne, ba na ba da fatawa, amma na san yadda ake saita lambobin don yaro ya riƙa jin saura kaɗan, kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Na ba su haƙuri na nemi wani wurin. Haka nan matsin da ake shiga gab da fitar da wasa, a kwana a ofis a manta da gida. Yakan faru, amma in ya zama al'ada to shugabanni ne ba su iya tsara aiki ba, kuma ina faɗar haka a gabansu.

Ga wanda zai fara yau, hanyar ta fi tamu sauƙi. In laftof ɗinka mai rauni ce ka ɗauki Godot, injin da wasu 'yan Ajantina biyu suka saki kyauta a 2014, ba shi da nauyi, kuma tun fitowar siga ta 4 a 2023 yana rubuta Larabci daidai. Ka zaɓi wasa ƙarami ƙwarai ka kai shi ƙarshe, da shafin farawa da sauti da maki da komai, domin mai ɗaukar aiki ya fi son ƙaramin abu gamamme da babban mafarki rabi. Ka koyi Git, inda ake ajiye tarihin kowane canji, babu kamfanin da zai ɗauke ka ba ka san irinsa ba. Ka saba karanta abin da wani ya rubuta, don a wurin aiki karatu ya fi rubutu yawa. Duk shekara wajen ƙarshen Janairu ana yin Global Game Jam, wanda aka fara a 2009, inda baƙin juna ke haɗuwa su gama wasa cikin awa 48. A nan za ka gane ko kai mai motsi ne, ko mai kayan aiki, ko ma mai zane ne kake zaton kai mai rubutu ne. Buɗe asusun saka wasa a Google Play dala 25 ne sau ɗaya, a Steam, kasuwar gem na kwamfuta, dala 100 kowane wasa. Kuma kada ka ce sai Turai. Maliyo Games na Legas da Kiro'o Games na Yawunde suna nan suna yi da labaran gida.

Ƙanwata autarmu tana shekarar ƙarshe a sakandare, ita ta karɓi tsohuwar darar nan yanzu. Ta mayar da ita Godot, tana so a riƙa buga ta tsakanin waya biyu, Kawu a Makka da abokansa a Maraɗi. Da ta sa rubutun Hausa sai ɓ da ɗ da ƙ suka fito akwati-akwati, saboda yawancin salon rubutun da ake sa wa gem ba su da haruffanmu masu lanƙwasa. Ta kira ni tana cewa, "Yaya, wannan kuma wa zai gyara?" Na ce ita. Na tura mata salon Noto na Google da ke ɗauke da su, na nuna mata inda ake saita na madadin in harafi ya ɓace. Bayan ta gama wannan za ta sa Ajami, domin Kawu da tsararrakinsa shi suka fi karantawa, kuma irin na Warshu suke so, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Sashen sadarwar ni zan taya ta in na je hutun ƙaramar salla, in sha Allahu.